Yadda Faranti Ya Zaɓa Mana Shugaba

Shekarar da aka ɓamɓare alamomin tazarar korona daga daɓen Masallacin Annabi, aka ce kowa ya haɗa kafaɗa da ɗan'uwansa a sahu kamar dā, ita ce shekarar da muka zaɓi shugaba a gidan jama'a na unguwar Al-Ranuna. Ba na mantawa, domin a lokacin mutane sun yi ƙishirwar matsatsi. Ko a bas ne, sai mutum ya bar kujera babu kowa ya je ya matse wanda ya sani.

Gidan jama'a wani tsoho ne ya bar shi wakafi ga Hausawan Madina, 'yan ƙasa da baƙi. Tsakar gida ce mai faɗi, da rumfa, da ɗaki guda mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A nan ake zaman makoki, a nan ake walimar suna, a nan ake sasanta waɗanda suka saɓa. Wanda aka zaɓa shugaba shi ke riƙe mabuɗi shekara uku. Ba albashi, ba ofis, mabuɗi kawai. Amma wanda ya san ranin Madina ya san mabuɗin ɗaki mai sanyi ba ƙaramar sarauta ba ce.

A wannan ɗakin muke karatu ranar Juma'a da safe, mu goma sha huɗu, kowa da furfurarsa. Ni a lokacin ina da shekara arba'in da bakwai, ina wanke tukwane da farantai a wani gidan abinci a tsakiyar gari. Na shekara goma sha ɗaya a Madina ban iya karanta sunana a kan iƙamata, wato katin izinin zama, ba. Duk takardar da aka miƙo mini, babban yatsana ke amsa ta. Malaminmu Badamagare ne, ya taɓa koyarwa a gida, a nan kuwa guga yake yi a otal. Ni Bakano ne, saboda haka tun ranar farko ya ce in na iya rubutu to shi ya cika waliyyi.

Tsohon shugaban da ya ba mu ɗakin ya rasu, sai mutum biyu suka fito neman mabuɗin. A Madina kowa Alhaji ne, don haka da sana'a ake bambanta mutane. Alhaji Direba tsoho ne mai tuƙa motar masu Umra, ya ce muddin yana numfashi aji yana nan. Alhaji Mai Dabino ɗan ƙasa ne mai shaguna biyu kusa da Harami. Shi bai ce zai rufe aji ba. Abin da ya ce shi ne, abin takaici ne a ce sanyi yana tafiya a banza kwana shida a mako, alhali dabinon ajwa yana narkewa a zafi. Ba wanda bai gane ba.

To ga yadda ake zaɓe a gidan tun kafin zuwana. Ranar Juma'a bayan an sauko, a shimfiɗa sufra, wato ledar cin abinci, a tsakar gida, a kawo shinkafa da nama a manyan farantai. Duk farantin da hannu uku suka shiga, kuma akwai nama a kansa, ƙuri'a ɗaya ce. Babban cikin masu cin shi ke yaga nama, shi ne kuma wakili. In an gama ci ya tambayi 'yan farantinsa wa suke so, abin da mafi yawansu suka faɗa shi zai kai. Sai ya tashi ya je ya raɗa wa Ammu a kunne.

Ammu shi ne dattijon gidan. Kowa haka yake kiransa, ma'ana baffa. A Madina aka haife shi, kakansa da ƙafa ya zo. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, kuma ta hagu wakilanmu suke zuwa masa.

Farantai tara ake kawowa. Biyar na 'yan ƙasa da dattawa, suna zama huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowa da wurin miƙe ƙafa. Huɗu namu ne na ma'aikata, muna zama sha biyu-sha biyu, a karkace, hannu ɗaya a ciki, sauran jiki a waje. Shekara da shekaru ana zaɓe, biyar tana cin huɗu, kowa ya sha shayi ya tafi yana yabon haɗin kai.

Saura mako shida zaɓe, Malam ya miƙe a taro.

"Ammu, Allah ya ƙara girma. Me zai hana a ba kowane mutum takarda ya rubuta wanda yake so, a ƙirga?"

Ammu ya juyo masa kunnen dama. "Ya waladi, ɗana, takarda ba ta san mutum ba. Faranti ya san shi. In ka ga yadda mutum yake cin abinci, ka san yadda zai riƙe mabuɗi."

"Ai ba 'yan takarar muke kallo suna ci ba, Ammu. Junanmu muke kallo."

"To ka gani. Har kun san juna."

"Farantinku mutum huɗu ne, namu sha biyu."

"Mu muka ce ku matsu?"

"Amma ƙuri'arku ɗaya, tamu ɗaya."

"Wannan shi ne adalci. Faranti bai fi faranti ba."

Aka yi dariya, har da mu da ake cuta. Alhaji Mai Dabino ya gyara zama ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma a duba: mai iƙama yau yana nan, gobe kafili, wato mai gidan da ya kawo shi, ya ce halas, an gama, jibi yana filin jirgi. Faranti kuwa yana nan. Wani daga cikinmu ya ce a garinsu kowa yana jefa ƙuri'a, kuma tun kafin a jefa an san wanda ya ci, gara nan ana ba mutum shinkafa. Malam ya ce ya san akwai wata babbar ƙasa da jama'a ke fita su yi layi, amma wasu 'yan wakilai ne ke naɗa shugaban, har wani lokaci wanda mutane suka fi so ya faɗi. Ya faɗi haka ne don a ji kunya. Sai Ammu ya buga cinya ya ce, "Masha Allah. Ashe har sun koya daga wurinmu."

Abu ɗaya Malam ya samu a ranar. Aka yarda daga yanzu wakili ba zai raɗa a kunne ba, zai rubuta suna a takarda ya ninke, a buɗe a gaban kowa. Ammu ya amince da sauri, ina jin don bai yi tsammanin a cikinmu akwai mai iya riƙe biro ba.

Ni kuwa wannan magana ta shiga raina. A gida na yi zaɓe sau uku, duka da yatsa, in fito da shuɗin tawada kamar wanda ya taɓa rini. Na ce a zuciyata, in Allah ya yarda wannan karon da harafi zan yi magana. Na roƙi Malam ya rubuta mini cikakken sunan Alhaji Direba a bayan kwalin shayi. Mako shida ina kwafarsa. In aiki ya lafa a gidan abinci, in tsoma yatsa a ruwa in rubuta shi a bayan faranti, ya bushe, in sake. Har ya zama ina iya rubuta shi ido a rufe. Malam ya duba ya ce, "Bakano, ko dai aljani ne ya riƙe maka hannu?" Wannan a bakin Badamagare yabo ne babba.

Dabarar kuwa daga wurina ta fito, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni ne mai wanke farantai, na san ba a sama ake saukar da su ba. Na tambayi Malam, dokar ta ce farantai nawa? Ya tafi ya tambayi Ammu a fakaice, ya dawo yana murmushi. Doka ba ta faɗi adadi ba. Hannu uku da nama, shi ke nan.

Na roƙi mai gidan abincinmu aron farantai shida. Muka tsara: namu su zama goma, kowanne mutum biyar. Goma da biyar, ko Ammu ya toshe kunnen dama ma mun ci. Malam ya zana tsakar gidan a allo, ya sa da'ira goma, ya raba mutane. Ya maimaita ya sake maimaitawa: "Kowa ya zauna inda aka sa shi. Ko ubanka ne ya kira ka, ka ce masa sai an gama." Kowa ya ce ya ji. Wani har rantsuwa ya yi.

Ranar ta zo. Muka sauko daga Juma'a, rana tana dukan kai, muka shiga gidan. Da 'yan ƙasa suka ga farantai goma sha biyar a jere, sai suka tsaya suna kallonsu. Alhaji Mai Dabino ya ƙirga da ido, ya sake ƙirgawa, ya je ya yi wa Ammu magana ta kunnen dama. Ammu ya ɗaga kafaɗa. Doka doka ce. A lokacin na ji wani daɗi wanda ban taɓa ji ba tun da na sauka a Jidda.

Daɗin bai kai minti goma ba.

Mutanenmu suka zauna yadda aka tsara, biyar-biyar, kowa da fili a gefensa. Na dube su na ga duk sun yi wani iri, kamar waɗanda aka sa wa takalmin aro. Mutumin da ya shekara goma yana ci a karkace bai san yadda ake zama a miƙe ba. Sai wani daga can ƙarshe ya hango ɗan garinsu ya ɗaga murya.

"Kai, ɗan'uwa! Me kake yi can kai kaɗai kamar maraya? Taho nan!"

"Malam ya hana!"

"Malam ne ya haife ka? Ga wuri, taho!"

Ya tashi. Tunda ya tashi, abokinsa ya bi shi. Sauran ukun suka dubi juna, suka ga bai kamata a bar abinci ya huce ba, suka ɗauki farantin ɗungurungum suka je suka juye a kan na 'yan'uwansu. Shinkafa ta yi tudu, nama ya ninka, kowa ya karkace, fuskoki suka saki. Malam yana gudu daga wannan da'ira zuwa waccan kamar mai korar awaki daga gona.

"Ku koma! Don girman Allah ku koma!"

"Haba Malam, shekara biyu an hana mu haɗuwa. Yau ma?"

"Zauna ka sa hannu, Malam, siyasa ba ta ƙarewa."

Kafin a yi nisa, farantai huɗu sun zama fanko, an jingine su a bango. Namu da suka rage a tsakiya biyar ne, cike maƙil kamar kullum. Na 'yan ƙasa biyar. Sai nawa a bakin rumfa, na goma sha ɗaya.

Mu biyar aka sa a kansa, amma biyu ba su ma zauna ba suka ɓace cikin taro. Muka rage uku, daidai doka. Ɗaya daga cikin ukun aka ce masa wani ya sauka daga garinsu jiya, ya ga mahaifiyarsa da ido. Wa zai hana mutum jin labarin mahaifiyarsa? Ya ce mini, "Yaya, yanzu zan dawo." Ɗayan ya ce bari ya je ya janyo shi. Na hango su duka biyun, kowa ya samu kafaɗar da zai jingina, hannu ya nutse cikin shinkafa.

Na zauna ni kaɗai da rabin cinyar rago a gabana. Na ce ba komai, in farantina bai ƙirgu ba an yi biyar da biyar, a sake zaɓe wani mako. Haƙuri ba baƙona ba ne.

Sai ga mutum uku sun shigo a makare, magidanta, fararen riguna a goge. Surukan Alhaji Mai Dabino ne, daga unguwar Al-Khalidiyya. Har yau ban sani ba ko turo su aka yi ko kuwa inuwar rumfa ce ta ja su. Suka tsaya a kaina suka yi sallama.

Na san abin da ke faruwa. Ba a rufe mini ido ba. Na hango Malam daga nesa yana kaɗa mini hannu biyu kamar mai tsayar da mota. Amma mutum ya yi maka sallama, kana zaune a gaban abincin da ya ishi mutum biyar, a garin Manzon Allah, ranar Juma'a. Bakina bai ma jira shawarata ba.

"Bismillah," na ce. "Ku zauna."

Suka zauna. Ni ne babba, ni na yaga nama, na tura wa kowa rabonsa, mai kyau na ba baƙi yadda aka koya mini. Ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. Mutanen kirki ne. Ɗaya ya tambayi garinmu, ya ce kakarsa ma daga wajen take, har ya faɗi sunan wata miya da take yi musu, ya ce tun rasuwarta bai sake ɗanɗana ba. Muka ci muka ƙoshi.

Da aka zo da ruwan wanke hannu na yi tambayar da doka ta ce. Na fara da kaina, na ce ni Alhaji Direba. Suka yi murmushi cikin ladabi. Babbansu ya ce, "Ma'alesh ya ammi," wato ka yi haƙuri baffa, ya faɗi sunan surukinsu. Na biyu ya faɗa. Na uku ya faɗa. Uku da ɗaya.

Aka raba wa wakilai takarda da biro. Malam ya zo ya tsuguna a bayana kamar mai gyara takalmi.

"Bakano," ya ce ƙasa-ƙasa, "rubuta abin da hannunka ya sani. Takarda a ninke take."

"Malam, amana ce."

"Amanar wa? Mutum hamsin na bayanka, ko uku da suka zo cin banza?"

"Hannunmu ya haɗu a faranti ɗaya."

"Ɗakin zai tafi. Ka gane? Allon, da kai, da ni."

Na gane. Na dubi takardar, fara fes. Hannuna har ƙaiƙayi yake, sunan Alhaji Direba yana bakin biro, ba abin da ya rage sai in sake shi. Na yi tunanin mutum hamsin ɗin. Suna da gaskiya, amma ba su suka aiko ni ba, suna can suna suɗe yatsu. Waɗanda suka aiko ni ga su a gabana, sun yarda da ni har ba sa kallon takardar, suna ta hirarsu. In na fara rubutu a duniya da cin amana, ban san abin da zan rubuta na biyu ba.

"Malam," na ce, "ban iya rubuta sunan Alhaji Mai Dabino ba. Nuna mini."

Ya dube ni kamar zai mare ni. "Wallahi ba da ni ba." Ya miƙe ya juya baya.

Na fara da kaina, ina kiran sunan a hankali ina neman haruffan. Na farko ya fito. Na biyu ya fito a karkace. A na uku na tsaya, na rasa ta inda cikinsa yake fuskanta, na zana shi ta baya. Ashe Malam bai tafi ba, yana leƙe ta saman kafaɗata. Ya yi tsaki mai ƙarfi.

"Ba haka ba ne, kai! Sau nawa zan faɗa maka? Cikin ta dama yake. Goge. Sake."

Haka ya tsaya a kaina, yana faɗa yana gyarawa, harafi bayan harafi, har sunan ya cika. Da na gama ya karɓa ya duba, ya ce, "To. Ko kashe kanka za ka yi, ka yi shi da rubutu mai kyau." Ya miƙo mini na ninke.

Aka buɗe takardu a gaban Ammu. Shida da biyar. Da aka zo kan tawa, mai karantawa ya ɗaga ta ya ce wannan rubutun wa ne haka tsaf? Alhaji Direba ya tashi ya rungume Alhaji Mai Dabino, aka yi fatiha. Malam, don dai ya huce, ya ce masu son Alhaji Direba su ɗaga hannu a gani kawai. Hannaye suka tashi, wasu da maiƙo har gwiwa. Ya ƙirga hamsin da ɗaya. Na ɗaya ɓangaren ashirin da shida. Ammu ya kalli hannayen da sha'awa ya ce, "Masha Allah, jama'a ta yi yawa bana. Zaɓe na gaba a ƙaro shinkafa."

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Waɗanda suka juye farantansu su ne suka fi ba ni haƙuri, suna dafa ni suna cewa haka Allah ya so. Wanda ya tafi jin labarin mahaifiyarsa ya dawo bayan an watse ya tambaye ni ko mun ci.

Alhaji Mai Dabino bai kore mu ba, in faɗi gaskiya. Juma'ar farko muka tarar da kwalaye ashirin a kusurwa, muka matsa. Ta biyu suka kai rabin ɗaki, muka karkace, abin da muka iya. Ta huɗu allon ya ɓace a bayan ajwa. Ta biyar muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, aka ce don ɓeraye ne. Muka gwada rumfa mako biyu, zafi ya kore mu. Mu uku muka bi Malam zuwa matakalar bayan otal ɗin da yake aiki, yana ba mu rabin awa a lokacin hutunsa. A kan wannan matakala na ƙarasa koyon abin da nake rubuta wannan da shi. Har yau in ya gan ni sai ya ce, "Ga wakilin al'umma."

Abin da muka rasa a zaɓen nan ga shi. Ɗaki ɗaya da mukayyif ɗinsa. Allo ɗaya, yana nan a bayan kwalaye in ba a jefar ba. Ɗalibai goma sha ɗaya, har yanzu da yatsa suke sa hannu. Faranti ɗaya cikin shidan da na aro, wanda ba a sake gani ba. Da suna ɗaya da na yi mako shida ina koyo, ban taɓa rubuta shi a takardar da wani zai karanta ba.